Maganin Ɗigawa a Ido Domin Ƙaiƙayin Borin Jini: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar hunturu ya kama, iska ta fara kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai masu kemis su fara ganin mutane suna shigowa da jajayen idanu suna neman a ba su "maganin ido". Kwalaben da ke kan kanta kamanninsu ɗaya, ƙanana masu tsinin baki, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban ƙwarai. Wani yana kwantar da ƙaiƙayi ba tare da ya cutar ba, wani yana ɓoye jan ido na 'yan sa'o'i kawai, wani kuma yana iya makantar da mutum a hankali bai sani ba. An rubuta sunayen magungunan nan ƙasa kamar yadda suke a jikin kwali, domin mai saye ya iya dubawa da idonsa kafin ya biya kuɗi.

Mene ne yake faruwa a ido idan borin jini ya tashi?

Akwai wani siririn tantani da ya rufe farin ido ya kuma shimfiɗu a cikin fatar ido, kuma a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki da ke ɗauke da sinadarin histamin. A jikin mai borin jini, wanda wasu ke kira alaji, garkuwar jiki tana ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba. Idan wannan abu ya taɓa ido, sai ƙwayoyin su saki histamin cikin 'yan mintoci, jijiyoyin jini su buɗe ido ya yi ja, ruwa ya tsattsafo fatar ido ta kumbura, jijiyoyin ji kuma su motsa ƙaiƙayi ya fara.

Abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da bununin gero da na dawa da na ciyawa, da ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani waɗanda ke zaune a katifa da filo da darduma, da gashin mage, da kashin kyankyaso, da funfuna a ɗakin da ke da danshi. Ba mamaki Hausa ta kira dusar kan gero da ƙaiƙayi, domin duk wanda ya tsaya kusa da masu sussuka da shiƙa ya san abin da take yi wa fata da ido. Ita kuwa ƙurar hunturu da hayaƙin itace da turaren wuta da hayaƙin maganin sauro, sau da yawa fusata ido suke yi da busar da shi, amma ga wanda yake da borin jini suna ƙara rura wutar abin da yake fama da shi.

Ta yaya zan gane cewa borin jini ne, ba afolo ko wani ciwon ido ba?

Babbar alama ita ce ƙaiƙayi. Idan ido ya yi ja amma ba ya ƙaiƙayi, da wuya a ce borin jini ne. Yawanci idanu biyu ke kamuwa tare, hawayen tsararo ne ko mai ɗan yauƙi kamar zare, ana yawan samun atishawa da yoyon hanci, kuma abin yana dawowa a lokaci guda na shekara ko a wuri guda. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Afolo kuwa ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa. An fara ganin annobarta a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, kuma daga nan sunan ya samo asali. Yakan fara a ido ɗaya ya tsallaka ɗayan, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi, kuma kafin mako ya zagayo an samu wasu a gida ko a aji sun kamu. Idan kuma kwantsa ce mai kauri, rawaya ko koriya, har ido ya manne da safe, to an fi zaton bakteriya ce. Maganin borin jini ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Waɗanne irin magungunan ɗigawa ake sayarwa ba tare da takardar likita ba?

Dokar kowace ƙasa daban take, amma za a iya kasa su gida huɗu.

Na farko shi ne ruwan da ke kwaikwayon hawaye, wanda a jikin kwalinsa ake ganin hypromellose ko carboxymethylcellulose. Ba ya yaƙi da histamin, aikinsa shi ne wanke abin da ya faɗa ido da kuma jiƙa shi. Ga wanda ƙaiƙayinsa bai yi tsanani ba, musamman a lokacin hazo, wannan kaɗai yakan wadatar.

Na biyu shi ne mai aiki biyu, wato yana toshe aikin histamin ɗin da ya riga ya fito, yana kuma hana ƙwayoyin sakin wani. Fitattu a nan su ne ketotifen da olopatadine. Ana ɗiga ketotifen sau biyu a rana, tsakaninsu sa'o'i 8 zuwa 12. Olopatadine yana da ƙarfi uku: mai 0.1% sau biyu a rana, mai 0.2% da mai 0.7% sau ɗaya. A Amurka sai a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ta yarda a sayar da shi ba takardar likita da sunan Pataday, kuma a ƙasashe da dama har yanzu sai likita ya rubuta.

Na uku shi ne sodium cromoglicate mai 2%, wanda ake ɗigawa sau huɗu a rana. Tsohon magani ne da ya samo asali daga binciken Dakta Roger Altounyan a Ingila a shekarun 1960, wani likita mai ciwon asma da ya riƙa gwada sinadaran a jikinsa. Rigakafi yake yi, don haka ba ya kashe ƙaiƙayi nan take. Yana bukatar kwanaki, wani lokaci mako biyu, kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma da yawa suna watsar da shi a kwana na biyu suna cewa ba ya aiki, alhali bai fara ba tukuna.

Na huɗu shi ne mai matse jijiyoyin jini domin jan ido ya washe, irin su naphazoline da tetrahydrozoline da xylometazoline, waɗanda galibi ake haɗawa da pheniramine ko antazoline.

To wanne ya kamata a fara da shi?

Ga babban mutum mai ƙaiƙayin ido wanda ba ya jin zafi kuma ganinsa bai ragu ba, abin da ya fi dacewa shi ne ya fara da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a ɗora a kan rufaffen ido na minti biyar zuwa goma, tare da ruwan da ke kwaikwayon hawaye. Idan hakan bai isa ba, sai ketotifen ko olopatadine, domin suna fara aiki cikin mintoci kuma ana iya amfani da su tsawon makonni. Wanda ya san cewa kowace shekara da kaka ko da hunturu idonsa ke tashi, zai fi cin riba idan ya fara cromoglicate mako biyu kafin lokacin ya zo, ya kuma ɗore a kai har lokacin ya wuce.

Me ya sa ake gargaɗi kan maganin da ke washe jan ido nan take?

Saboda sauƙin da yake bayarwa na aro ne. Yana matse jijiyoyin jini, ido ya yi fari tas, amma da ƙarfin maganin ya kau sai jijiyoyin su sake buɗewa, kuma idan an saba masu da shi sai su buɗe fiye da da. Mutum ya ga ido ya ƙara ja, ya ƙara ɗigawa, a haka har ya kai ga ba ya iya fita sai da kwalba a aljihu. Shi ya sa aka rubuta a jikin kwalin cewa idan an kai sa'o'i 72 ba a samu sauƙi ba a daina a nemi likita.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su taɓa shi ba sai da izinin likita: mai hawan jinin ido, wato gilakoma, musamman nau'in da mafitar ruwan ido take da ƙunci, domin maganin na iya buɗe ƙwayar ido ya toshe mafitar gaba ɗaya, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, da dattijon da ke wahalar fitsari saboda kumburin prostate, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, da yaro ɗan ƙasa da shekara 6. A 2012 hukumar FDA ta yi gargaɗin cewa idan ƙaramin yaro ya haɗiye mililita 1 zuwa 2 kacal na irin wannan magani, yana iya suma, numfashinsa da bugun zuciyarsa su ragu. Kwalbar ba ta da girma kuma tana kama da abin wasa, don haka kada a bar ta a kan gado ko a jakar da yaro ke iya buɗewa.

An ba ni wani magani a kemis, ƙaiƙayin ya tafi cikin kwana ɗaya. Me zai hana in ci gaba da shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. A ɗauki kwalin a duba. Idan an ga dexamethasone, ko betamethasone, ko prednisolone, ko hydrocortisone, ko fluorometholone, ko da an haɗa shi da wani suna kamar neomycin ko tobramycin, to sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi da ke danne kumburi da garkuwar jiki. Ba ya cikin magungunan da doka ta yarda a sayar ba takardar likita, amma a garuruwanmu ana miƙa shi ta kan kanta kamar fanadol, saboda yana da araha kuma mai saye yana dawowa yana godiya.

Gaskiya ne babu abin da ya kai shi saurin kwantar da ƙaiƙayi da ja, kuma likitocin ido suna amfani da shi. Bambancin shi ne likita yana ba da shi na ɗan lokaci, yana auna ƙarfin ruwan cikin ido, sannan ya rage shi sannu a hankali. Tun a shekarun 1960 bincike ya nuna cewa idan aka ɗiga sitiroyid na makonni huɗu zuwa shida, kusan mutum ɗaya cikin uku ƙarfin ruwan idonsa yana hawa, kuma kusan biyar cikin ɗari nasu yana hawa sosai. Yara sun fi manya saurin kamuwa da wannan. Hawan ba ya zafi, ba ya sa ido ja, yana cin jijiyar gani ne daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa ko da an yi aiki. Dogon amfani da shi yana kuma kawo yanar ido tun mutum yana matashi. Idan kuwa jan idon daga gyambo ne a gaban baƙin ido, wanda ƙwayar cuta ko funfuna ta haifar, sitiroyid yana danne garkuwar ido, gyambon ya faɗaɗa har ya huda.

Abin da ke sa mutane su maƙale masa shi ne da an daina ƙaiƙayin ke dawowa, sai a sake saye. Duk wanda ya shafe makonni yana amfani da irin wannan, ko yake ɗiga wa ɗansa, ya ɗauki kwalbar ya tafi asibitin ido a auna masa ido, a kuma tsara masa yadda zai bar shi.

Chloramphenicol fa, wanda kusan kowane gida ke da shi?

Shi da gentamicin magungunan kashe bakteriya ne, babu ruwansu da histamin. Ɗiga su a idon mai borin jini asarar kuɗi ce, kuma gentamicin da neomycin kansu suna iya fusata ido idan aka daɗe ana amfani da su.

Yaya ake ɗigawa yadda ya kamata?

A wanke hannu da sabulu, a ɗaga kai sama, a ja fatar ido ta ƙasa da yatsa har ta yi ɗan aljihu, a saki ɗigo ɗaya a ciki ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa ba. Ɗigo ɗaya ya isa, domin ido ba ya iya riƙe fiye da haka, na biyun a kunci zai ƙare. Daga nan a rufe ido a hankali, kada a yi ta ƙiftawa, a danna lungun ido na kusa da hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu. A wannan lungu akwai wata 'yar kafa da hawaye ke bi su sauka hanci da maƙogwaro, kuma danne ta yana sa maganin ya zauna inda ake bukatarsa, ya kuma rage ɗacin da ake ji a baki.

Idan magani biyu ne, a bar aƙalla minti biyar tsakaninsu, idan kuma akwai na shafawa shi ne na ƙarshe. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ya cire shi tukuna, ya jira minti 10 zuwa 15 kafin ya mayar, domin sinadarin benzalkonium chloride da ake sa wa yawancin kwalabe don kada su lalace yana shiga cikin gilashin. Idan idon ya yi ja, kada ya mayar da shi sam. Kuma kwalba ta mutum ɗaya ce, ba a karɓa-karɓa da ita a gida.

Ɗiga magani a ido yana karya azumi?

Malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanenmu ke bi, abin da aka sa a ido da rana idan ya kai maƙogwaro yana wajabta ramuwa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya kuwa, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya maganin ɗigawa a ido cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar mutum ya kauce wa haɗiye abin da ya sauko maƙogwaro. Hukunci na malamai ne, amma ta fuskar magani akwai mafita mai sauƙi: olopatadine na sau ɗaya a rana ana iya ɗiga shi da dare, ketotifen kuma a ɗiga bayan buɗa-baki da kuma lokacin sahur. Wanda likita ya ɗora shi a kan maganin gilakoma kada ya daina saboda azumi, ya nemi a daidaita masa lokutan.

Idon yarona ya koma ruwan ƙasa, kullum yana murza shi. Maganin borin jini zai yi masa?

Wannan yanayi ya yi yawa a ƙasashe masu zafi da bushewa irin namu, kuma nau'in borin jini ne mai tsanani fiye da na yau da kullum. Ya fi kama yara maza, yakan fara kafin shekara goma, kuma yawanci yana lafawa bayan balaga. Farin idon yana dafewa ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci a ga kauri kamar kitse a kewayen baƙin ido, yaron yana gudun hasken rana, yauƙi yana fita daga idon. Iyaye da yawa suna ɗauka datti ne ko shawara, wasu malamai a makaranta ma har zargin yaron suke yi da shaye-shaye, alhali ciwo ne.

Ketotifen an yarda da shi daga shekara 3, olopatadine kuma daga shekara 2 ko 3 gwargwadon dokar ƙasa, kuma suna taimakawa, amma irin wannan yaro yana bukatar likitan ido ya riƙa duba shi. Ciwon na iya yin gyambo a gaban baƙin ido, kuma yawan murza ido na shekaru yana iya sa gaban idon ya yi siriri ya tsiro kamar kan mazurari, gani ya lalace yadda tabarau ba zai gyara ba. Waɗannan yara ne kuma suka fi faɗawa tarkon sitiroyid na kemis, domin ciwon yana ɗaukar shekaru kuma iyaye suna neman abin da zai sa yaro ya yi barci. Likita yana da wasu magungunan, irin su ciclosporin da tacrolimus, waɗanda ke rage bukatar sitiroyid. Jariri sabon haihuwa kuwa, idan idonsa ya yi ja ko ya fara kwantsa, asibiti za a kai shi a ranar, kada a ɗiga masa komai.

Mai ciki da mai shayarwa za su iya amfani da su?

Ruwan da ke kwaikwayon hawaye da tsumman sanyi babu damuwa a kansu. Sauran kuwa a tambayi likita ko ma'aikaciyar awo tukuna. Galibi cromoglicate ake fara zaɓa saboda kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini.

Har yaushe kwalba take da amfani bayan an buɗe ta?

Ka'idar da aka fi bi ita ce a zubar da ita bayan kwana 28 da buɗewa, ko da saura a ciki, sai dai in takardar cikin kwalin ta faɗi wani wa'adi daban. Yana da kyau a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalin. Yawancin waɗannan magunguna ana son a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin bazara yana haura 40, don haka aljihun mota da bakin taga ba wurin ajiya ba ne. Ɗigo mai sanyi daga firji ma ya fi kwantar da ƙaiƙayi, matuƙar bai daskare ba.

A Najeriya a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a tabbatar hatimin murfin bai karye ba, kuma a guji sayen maganin ido a hannun masu talla a tasha ko a kasuwa inda rana ke dukansa. Gurɓataccen ruwan ido ba ƙaramin abu ba ne. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta gano mutum 81 a jihohi 18 da suka kamu da wata bakteriya mai bijire wa magani ta hanyar wani ruwan jiƙa ido da ya gurɓata tun daga masana'anta, 14 suka rasa gani, aka cire wa huɗu ido, huɗu kuma suka rasu.

Tozali, ko nonon uwa, ko ruwan sukari ba za su yi ba?

Ba za su yi ba. Nono da ruwan sukari abinci ne ga ƙwayoyin cuta, fitsari yana iya shigar da cutar sanyi cikin ido ta huda shi cikin kwanaki, ruwan albasa da na ganyaye kuma suna ƙona tantanin ido. Tozali yana da daɗaɗɗen matsayi a al'adarmu, amma yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa yana ɗauke da dalma, wadda guba ce musamman ga yara, kuma tsinken sa tozalin da ake zagayawa da shi daga ido zuwa ido yana yaɗa cuta. A lokacin da ido ke ƙaiƙayi a ajiye shi.

Ƙwayoyin sha na borin jini ba su fi sauƙi ba?

Idan akwai atishawa da yoyon hanci ko ƙaiƙayin jiki tare, cetirizine ko loratadine suna da amfani. Amma ga ido kaɗai, na ɗigawa ya fi sauri, kuma ƙwayoyin sha suna rage hawaye su ƙara busar da ido. Chlorpheniramine, wanda aka fi sani da Piriton, yana sa barci, don haka bai dace da direba ko mai aiki da inji ba.

Yaushe ne za a ajiye kwalba a tafi asibiti?

Idan ido yana zafi na gaske, ba ƙaiƙayi ba. Idan gani ya ragu ko ya yi hazo kuma ƙiftawa ba ta washe shi. Idan haske yana sa mutum runtse ido. Idan fari ya bayyana a kan baƙin ido. Idan ido ɗaya ne kaɗai ya yi ja sosai. Idan wani abu ya soki idon, ko da ƙaiƙayin gero ne ko tsinken kara a gona. Ko idan jan ido ya zo da ciwon kai da amai da ganin bakan gizo a kewayen fitila. Wannan na ƙarshe yana iya zama gilakoma mai tashi farat ɗaya, kuma sa'o'i ake ƙirgawa kafin gani ya tafi. Haka kuma idan an yi kwana uku ana ɗiga magani abin yana ƙaruwa, ko ƙaiƙayin yana dawowa wata bayan wata.

Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi suna da sashen ido, akwai kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Idan za a je, a tafi da duk kwalaben da aka yi amfani da su, har da waɗanda suka ƙare, domin likita ya ga abin da ya riga ya shiga idon kafin ya rubuta wani.